Layin da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Kowa da abin da ya tuna da shi a zaman makokin Kawu. Limamin unguwarmu ya ce bai taɓa riga shi shiga masallaci da asuba ba. Tsofaffin da suka yi aikin gwamnati tare da shi suka ce mutum ne da ba ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko da mai ita na tsaye a kansa yana huci. Inna, mahaifiyata, wadda ita ke bi masa a haihuwa, abu ɗaya ta yi ta maimaitawa: "Ya tafi bai ci abincin ranarsa ba." Sai wani manomi daga wajen Shira, ya zo a kan acaɓa, ƙafarsa duk taɓo. Ya durƙusa gaban Kawu Babba, yayan marigayin, ya yi masa gaisuwa, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Alhaji, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙan Malam. To yanzu wa zai riƙa faɗa mana ranar?"

Na ce masa kada ya damu. Amma tun da aka ɗauki gawar, tambayar da ke cina ke nan.

Ni dillalin kankana ne. Da baro na fara a kasuwar Azare, yau kuma manyan motoci nake lodawa zuwa kudu. Ita kankana ba ta jira. In ta nuna ba a cire ba, ta lalace a gona. In an cire an tara a bakin hanya mota ba ta zo ba, rana ta dafa ta. Sana'ar gaba ɗaya ta tsaya a kan manomi ya san ranar da zai cire, ranar kuma ta dace da zuwan mota. Da can da baki nake yi, ina buga waya har kunnena ya yi zafi, kuma duk da haka ana samun wanda na manta.

Kawu ne ya raba ni da wannan wahala. Bayan ya yi ritaya daga ofishin da yake aikin ƙididdiga, 'yarsa, wadda ke aikin kwamfuta a Fatakwal, ta ba shi tsohuwar kwamfutarta ta cinya don ya riƙa rage zaman banza. Sai ya koyi wani harshe na ba kwamfuta umarni, sunansa Python. Ba ya taɓa hotuna ko wasanni. Wata baƙar taga yake buɗewa, ya buga layi guda na umarni, kwamfutar ta amsa masa nan take, ya sake buga wani. Wata rana na je gaishe shi ina ta faɗa da wani direba a waya, ya saurara har na gama.

"Kai, wannan ihun naka har gidan maƙwabta. Kawo min sunayen manomanka da ranar da kowa ya yi shuka."

"Kawu, wannan ba aikin biro ba ne."

"Na ce maka da biro zan yi?"

Daga wannan damina, manomana na Shira da na Jama'are da ƙauyukan da ke tsakani suka fara samun saƙo a waya: a cire ranar kaza, mota na zuwa washegari. Ban ƙara asarar lodi saboda mantuwa ba.

Yadda yake aikin shi ne abin kallo. Kawu ba ya buga abu sau biyu. Kwamfutar tana tuna duk umarnin da aka ba ta, ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai maɓalli mai kibiya da ke kallon sama. In ka danna shi, umarnin da ka bayar na ƙarshe ya dawo. Ka sake dannawa, na gabaninsa ya fito. Haka Kawu zai zauna, tabarau a kan karan hanci, yatsa ɗaya a kan kibiyar nan yana komawa baya har ya iske wanda yake nema, ya canza sunan gari ko rana, ya tura. Maɓallin har ya goge, kibiyar ba ta ganuwa. In na matsa masa da gaggawa sai ya ce, "Wanda muka yi jiya yana sama, bari in sauko da shi." Har a hira ya saba da maganar. In aka kawo masa ƙarar rikicin gida, sai ya ce, "An taɓa yin irinsa. Ku hau sama ku duba yadda aka ƙare."

Yana da wata dabara kuma. A ƙarshen kowane umarni yakan sa alamar nan da muke dannawa a ƙarshe in za mu sa kati a waya, mai layi biyu a tsaye biyu a kwance. Ya ce duk abin da ya biyo bayan wannan alama, kwamfuta ba ta aiki da shi, ajiye shi kawai take yi. A nan yake rubuta wa kansa tuni da Hausa, don in yana neman umarnin daga baya ya buga kalma ɗaya ta nemo masa shi. Na sha tsayawa a bayansa ina karantawa. "Mai gonar bakin rafi, ba ya gani sosai, a tura wa 'yarsa." "Rugar yamma, da Fulatanci." "Wannan ba ya cira ran Juma'a, kada a sa masa." Mutanen da ni nake saye a hannunsu shekara da shekaru, shi da bai taɓa taka gonakinsu ba ya fi ni kula da halinsu. Akwai wata bazawara a hanyar Jama'are da gonarta ba ta cika ko kwatan mota. Ni da na so in sauke ta, don tsayawa a wurinta ɓata lokaci ne. Kawu bai yi min musu ba. Kullum dai sai in tarar ya haɗa ranarta da ta babban manomin da ke kusa da ita, yadda motar dole ta bi ta ƙofarta.

A kan wannan aikin ne suka yi faɗan da ya fi kowanne da 'yarsa. Ta zo hutun sallah, ta leƙa ta ga abin da yake yi, ta riƙe baki.

"Baba, duk wannan a ina ka adana shi?"

"Yana sama."

"Sama ba ajiya ba ce! Ka tattara su a fayil guda, ka sa masa suna, ko ba ka nan wani ya iya aiki da shi."

"Fayil na wanda ya gama tunani ne. Ni kowace rana da yadda take zuwa. An yi ruwa a Shira, ba a yi a Jama'are ba, wane fayil ne ya san wannan?"

"To in wuta ta ɗauke fa?"

"Ina yi mata sallama kafin ta ɗauke."

Ta juyo kaina. Ni da ita taubasai ne, ita 'yar namiji ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawanta take kirana. "Kai kuma bawana, ka ɗora dukiyarka a kan maɓalli ɗaya kana ta washe baki." Na ce mata mu da muke neman abinci cikin rana ba ma jin tsoron maɓalli. Ta koma Fatakwal ba su shirya ba, sun yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa su.

Maganar sallamar nan, Kawu ya taɓa yi min bayaninta, kuma ta zauna min. Ya ce duk abin da ya buga tun daga lokacin da ya buɗe tagar, a ka kwamfutar take riƙe da shi. Ba ta rubuta shi a ma'ajiyarta sai an rufe tagar ta hanyar da ta dace, da kalmar fita. In wuta ta yanke kafin nan, duk na wannan zaman ya tafi. Batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa, da an zare wayar wuta take ɗaukewa. Shi ya sa lokacin da muke dogara da wutar gari, kullum kafin magariba sai ya yi mata sallama, kamar mai rufe shago.

Bana na sa masa sola a gida, da batura da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, don ya huta da zafi da duhu. Ya yi ta sa min albarka. Sai dai da wuta ta daina yankewa, shi ma ya daina rufewa. Tun farkon damina tagar nan take a buɗe. Sababbin manoman da muka ɗauka bana, da sabuwar hanyar tura saƙon da ya sha wahala kafin ya daidaita, duk suna cikin wannan zama guda da ba a rufe ba.

Ranar da zai rasu, yana ɗakinsa na zaure yana shirya saƙon mutanen Jama'are, aka kira azahar. Ya tashi ya ɗauki buta, a bakin rariya ya faɗi. Kafin a samo keke napep a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Bayan la'asar muka kai shi.

Da muka dawo na leƙa ɗakin. Kwamfutar na kunne, tabaransa a gefe. A ƙasan baƙar tagar ga layin da yake bugawa, ya tsaya a tsakiya: "a cire kankana ranar", daga nan ba komai sai ɗan farin layin nan da ke ƙiftawa. Kankanar Jama'are kuwa ta kai, motoci na hanya, kuma sama ta haɗe da hadarin ƙarshen damina.

Ina tsaye Kawu Babba ya shigo. Dattijo ne mai tsauri a kan abin da ya shafi shari'a, kuma ban taɓa jin ya yi ƙarya ba.

"A kashe wannan abin, a lulluɓe shi, a kulle ɗakin."

"Kawu, in aka kashe ta yanzu, aikin damina guda ya tafi. Bari in danna abu ɗaya kawai."

"Taka ce?"

"A'a, ta marigayi ce."

"To daga azahar ɗin yau ta zama ta magada. Kai ɗan 'yar'uwa ne, ba ka cikinsu. Ba za ka sa hannu a kayan marayu ina raye ba, ko da alheri kake nufi."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Na roƙe shi abu ɗaya: kada a kashe, kada kuma kowa ya taɓa, har babbar 'yarsa ta iso. Ya dube ni ya daɗe, na san abin da yake gani, mutumin da ko ƙasar kabari ba ta bushe a ƙafarsa ba yana maganar kasuwa. Ya ce, "A bar ta. Amma makulli na hannuna."

Ita kuwa tana hanya daga Fatakwal a mota, tafiyar da ba ta ƙarewa a yini guda. Na buga mata waya, da na ji yadda muryarta take, na kasa kawo maganar kwamfuta. Na ce Allah ya kawo ta lafiya.

Washegari rana ba ta fito ba. Gida ya cika da baƙi daga ko'ina, kuma duk unguwar an san gidan Malam ne mai wutar da ba ta yankewa. Wani ya jawo waya daga cikin gida zuwa rumfar makoki, aka jona abin caji mai baki da yawa, a kansa aka jona wani. Wayoyi suka taru a kan tabarma kamar ana sayarwa. A cikin gida mata sun kunna fankoki saboda tsofaffi. Duk daga baturan da ke riƙe da kwamfutar ake ja. Ina zaune ina amsa gaisuwa, "Ya haƙuri?" "Da godiya," kunnena kuwa yana wajen inbata da ke bayan ƙofar zaure. Na san kukan da take yi in batir ya kusa ƙarewa. A kasuwa ba na jin nauyin kowa, amma ta yaya zan ce wa mutumin da ya taso daga wani gari don ya yi mana gaisuwa ya cire wayarsa? Na yi tunanin kawo janareto, sai na tuna sai an sauya layin wutar gidan kafin a jona shi, kuma a wannan sauyin ne komai zai iya ɗaukewa. Wayata kuma ba ta huta ba. Mutanen Jama'are suna yi min ta'aziyya, kowa ya gama, ina jin a muryarsa tambayar da kunya ta hana shi yi.

Aminin Kawu ne ya lura da ni. Kirista ne, mutumin kudancin Bauchi, sun yi ofis ɗaya da marigayin shekaru masu yawa, da ya yi ritaya kuma ya ƙi barin Azare. Kusan kullum da yamma suna tare a zauren nan suna gardama a kan labaran rediyo. Ya matso kusa da ni a tabarma.

"Ɗana, tun ɗazu kana kallon ƙofar nan kamar ka ajiye nama a wuta. Bai rufe ba ko?"

"Bai rufe ba, Baba."

"Na faɗa masa! Na ce wannan sola za ta lalata ka. Ya ce ni da ko wayata ban iya ba." Ya share ido da hularsa. Sai ya miƙe, ya aika aka kawo masa babbar roba daga cikin gida, ya tsaya a tsakiyar rumfa.

"Jama'a, wutar gidan nan ta yi rauni, za ta ɓata muku batir. Nawa janareton yana aiki. Kowa ya sa wayarsa a nan, wanda tasa ta ɓace in biya shi da sabuwa."

Wani tsoho ya ce, "To Allah ya sa tawa ta ɓace." Aka yi 'yar dariya, ta farko tun jiya. Dattijon nan da kansa ya ɗauki robar wayoyi ya kai gidansa, ya kuma yi ta kai da kawowa har yamma. Fankokin cikin gida ne ban iya taɓawa ba. Na shiga na durƙusa gaban Inna na faɗa mata. Ba ta gane bayanin ba, amma ta ce, "Aikin Yaya ne?" Na ce e. Ta tashi ta kashe su, ta raba wa tsofaffi mafitai.

Duk da haka, da safiyar da 'yarsa ta iso, inbata ta fara kuka. Ta shiga cikin gida wajen mahaifiyarta, na ji kukansu ya tashi, na tsaya a tsakar gida ina jin kuka biyu, ban san wanda zan fi ji ba. Da ta fito idonta a kumbure, ita ma ta ji ƙarar. Ta dube ni.

"Bawana, kada ka ce min a buɗe ya bar ta."

"Tun farkon damina."

"Baffa, a ba ni makulli."

Kawu Babba ya buɗe da hannunsa, ya tsaya a bakin ƙofa a matsayin shaida. Ta zauna a kujerar mahaifinta. Na ce, "Kalmar fita kawai za ki buga, haka ya ce min." Ta girgiza kai.

"Da ka yi haka da ka yanke rabi. Tun zuwana na sallah na ga Baba ya sa mata iyakar abin da za ta ajiye, wai ba ya son tarkace. In aka rufe yanzu, na baya-bayan nan za ta riƙe, na farkon damina ta zubar. Sai na cire iyakar tukuna."

Na waiwaya na dubi Kawu Babba. Da ya bar ni na danna abu ɗayan nan da na roƙa, da ni da hannuna na zubar da abin da nake tsoron rasawa. Shi bai ma san me ake ciki ba, carbinsa yake ja.

Ta kai hannu za ta fara, sai ta tsaya. Layin nan da bai ƙarasa ba yana wurin da za ta yi rubutu. In ta goge shi ya tafi har abada, don kwamfutar ba ta lissafa layi cikin abin da take tunawa sai an tura shi. In kuma ta tura shi yadda yake, umarnin aika saƙo ne ga manoma, ba ta son ta yi wasa da shi. Inbata na ta kuka.

"Ki goge mana," na ce. "Rabin layi ne."

"Shi ne na ƙarshe da ya rubuta."

Sai ta koma farkon layin, ta sa alamar nan ta katin waya a gabansa, irin yadda shi yake sa wa bayanansa, ta tura. Kwamfutar ba ta aikata komai ba, ta dai karɓe shi ta ajiye. Daga nan hannunta ya yi sauri. Ta cire iyakar, ta sa aka rubuta komai a wani fayil daban, ta kwafe shi a filash ɗinta, ɗan abin ajiyar da ake soka wa kwamfuta, ta buɗe ta tabbatar. Na ga bayanansa suna wucewa, mai gonar bakin rafi, rugar yamma, bazawarar hanyar Jama'are. Ta ce a hankali, "Ashe shi ya sa ya ƙi fayil." Sannan ta buga kalmar fita, baƙar tagar ta rufe. Ba a jima ba wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya, ba wanda ya damu.

Da yamma rana ta ɗan leƙo. Da izinin Kawu Babba da na mahaifiyarta ta sake buɗewa, ta danna kibiyar da ta goge har layin ya sauko, ta cire alamar. Ta ce, "Wace rana?" Na buɗe baki in ce a tambayi Kawu. Duk shekarun nan ni ke sanin inda motoci suke, amma shi ke yanke ranar. Na yi lissafin hanya da hadari, na ce Laraba. Ta ƙarasa layin ta tura. Ba a daɗe ba wani manomi daga Jama'are ya kira ni, ya ce, "Alhaji, saƙo ya shigo. Na ɗauka Malam ya tafi da abin."

Kafin ta koma ta tattara umarnin a fayil, kamar yadda ta so tun farko, amma ba ta cire ko ɗaya daga bayanansa ba. Magada suka yarda kwamfutar ta zauna a hannuna aro. Yanzu ni ke zama gabanta da yatsa ɗaya, a hankali, ina kuskure ina gyarawa, kuma ko rana ta fi ta kullum ƙarfi, kafin magariba sai na yi mata sallama.

Na rubuta wannan ne don jikokinsa su san wane ne ya zauna a ɗakin zauren nan. Allah ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya dube shi da irin kulawar da ya yi wa mutanen da bai taɓa gani ba. Wani lokaci in aiki ya yi sauƙi nakan riƙe kibiyar in yi ta hawa sama, in wuce nawa layukan masu kurakurai, har in iske nasa na ƙarshe da alamarsa a gaba: a cire kankana ranar. A nan nake tsayawa in yi masa addu'a, sannan in sauko in ci gaba da aiki.